Cokali a Kofin da Ba Shayi

A Rize, inda ruwan sama ba ya gajiya da sauka,
inda gonakin shayi suka hau tsauni hawa-hawa,
na shiga aji laimata tana ɗiga,
na rubuta baiti shida a allo,
na ce, "Yau waƙa za mu feɗe har wutsiya."

Ba wanda ya san mai ita.
A bayan rasit na masana'antar busar da ganye aka tsince ta.
Cewa take: an ɗura mini zance har wuya,
na haɗiye, na ƙara haɗiyewa,
amma zuciyata da yunwa ta kwana.

Na fara yadda aka koya mini.
Na ƙirga gaɓoɓi da yatsu,
na ja layi ƙarƙashin amsa-amo,
na ce ga kamantawa, ga mutuntarwa,
ga inda ya mai da zuciya ciki mai ƙugi.
Na ce ɗango na huɗu ya karye,
gaɓa ɗaya ta faɗi, mawaƙin ya yi tuntuɓe.
Alli ya ci rabi, yara suna kwafa,
Tayfun yana bin jirgin kaya da ido a Baƙin Teku.

Sai Gülizar ta ɗaga hannu,
yatsunta da tabon ganyen da ta tsinka tun asuba.
Ta ce, "Malam Nevzat, ba tuntuɓe ba ne.
Nan ne ya yi shiru ya kasa kunne,
ko za a ƙwanƙwasa ƙofa."

Na ce, "A wane littafi kika gani?"

Ta ce, "Babana shekara bakwai ke nan a Hamburg.
Duk Lahadi waya na kaɗawa:
hasken idona, 'yar lelena,
bari kwangilar nan ta ƙare,
bari ƙanƙara ta narke, bari kuɗin jirgi ya sauka.
Muryarsa zuma ce, ban musa ba.
Innata har yau kofi uku take jerawa a faranti,
ta cika biyu, ta bar ɗaya,
wani lokaci ta manta ta juya cokali a cikinsa.
Malam, ka taɓa jin cokali a kofin da ba shayi?
Ya fi kowanne ƙara.
Abin da waƙar ke nufi ke nan."

Ajin ya yi tsit.
Ruwa kaɗai ke magana a kan kwano.
Na dubi allo, na ga layukana da kibiyoyina,
sunayen adon harshe reras kamar kwalabe a kanta,
duk na wanke su, sun yi ƙyalli,
ba ko ɗigo a cikin ɗaya.
Ashe ni ma romon baka na dafa musu,
na yi wa yunwa sharhi ban san ɗacinta ba.

Sai na tuna tsohuwata Hanife, can ƙauye sama da Artvin.
Wata tara ina ce mata "mako mai zuwa."
Takan ce "to," ta aje waya a hankali,
kamar mai rufe tukunyar da ba komai.

Ranar Asabar na hau ƙaramar bas,
hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani.
Ban kai tsaraba ba, ban shirya jawabi ba.
Na faskara mata ice har kafaɗa ta yi tsami,
na gyara ƙyauren da iska ke bugawa.
Ba ta tambaye ni dalili ba.
Ta zuba shayi ja wur, ta turo mini sukari.
Na juya cokali.
Da ƙyar na ji motsinsa.

Litinin na tarar da takardar Gülizar a tebur,
layi uku kacal, babu sunan salo ko ɗaya.
Na daɗe riƙe da jan biro
ban san makin da zan ba ta ba.
Baban nata kuwa, an ce sai ƙanƙara ta narke.