Hanyar Ƙyale-su

Shekara talatin ina auna wa gwamnati hanya,
da sarƙa, da turaku, da jar tuta,
daga Dass har gadar nan da ruwa ya cinye sau biyu.
Ban taɓa tambayar ƙasa ko tana da zafi ba.
Takalmi gare ni.

Yau da sassafe ga ni a bayan gida,
gora a kafaɗa, igiya a hannu,
Ƙyale-su na dubana, wutsiyarsa na share ƙasa.
Hanya uku a gabanmu,
ni mai auna hanya na tsaya, na kasa.

Ta hagu ita ke hawa Mbula.
Can raina yake, ba na ɓoyewa.
Daga sama garin kamar an shanya shinkafa a tabarma,
kasuwa ba ta fi tafin hannu ba.
Amma bara hantsi ya riske mu a kan fa,
na ga yana ɗaga ƙafa, ya ajiye, ya ɗaga wata,
kamar wanda aka tilasta wa rawa.
Na ɗora bayan hannuna a kan dutsen,
ban ƙirga biyar ba na janye.
Ranar a wuyana ya sauko,
nauyin kare daban, nauyin kunya daban.
Ga kuma gwaggon biri, masu unguwar can,
ba ruwansu da cewa ni tsohon safiyo ne.

Ta tsakiya ta ratsa gonaki,
shimfiɗaɗɗiya, ko mai keke ba ya sauka.
Sai dai Bitrus ya zuba maganin gafiya a gindin kuka,
Azumi ta rantse da abin da zai kashe ta
in ya sake kai hanci kan gyaɗarta.
Ƙarangiya kuma ta nuna.
Takan shige tsakanin yatsu, inda ido ba ya kaiwa,
sai dare ya raba ka ji ana lasar ƙafa a zaure,
ana ƙaramin kuka, don kada a tashi mai gida.

Ta dama rafi ta bi.
Gajera ce, ba abin da za ka ba da labari a majalisa.
Inuwar kanya, yashi mai sanyi,
ruwa iya idon sawu.
Akwai kaska a ciyawa, na sani,
da daddare zan zauna da tocila in bi kunnuwa ɗaya ɗaya.
Makiyaya sai azahar suke shayarwa,
kafin nan mun dawo.

Da can tambayata: tudu nawa, kwana nawa, siminti buhu nawa?
Yanzu kuwa: ina ruwa, ina inuwa,
in ya gaji ina za mu zauna?
Shekararsa tara. Bakinsa ya yi furfura,
ban lura da ranar da ta fara ba.

Na gaji da lissafi, na kwance igiya.
Na ce, to, kai ka zaɓa.

Ya nufi hagu.
Taku goma, hanci a sama,
iskar dutse na kawo masa labarin rema.
Jikinsa har rawa yake.
Sai ya tsaya. Ya waiwayo.
Ba fuskata ya duba ba,
gwiwata ya duba, ta dama,
wadda na ɗaure da tsohon rawani tun damina.

Ya juyo, ya wuce ni, ya gangara rafi,
a hankali,
yana jirana a kowace kwana
kamar mai shinshina wani abu.

Da muka dawo, Hajo na tankaɗe a tsakar gida.
Ta ce, ka dai zaɓa masa mai sauƙi ko?
Na ce, e.
Na zuba masa ruwa a kasko,
na bar zancen a nan.