Lissafin Itace a Ɗa'if

Faskare bakwai murhuna ke ci a wuni,
tara in gajimare ya kwanta kan Shafa.
Ina ƙirgawa, don ni ke biya.

Ɗanliti mai itace ya rantse
ɗaurin nan zai kai ni Juma'a.
Yau Laraba, saura huɗu,
ɗaya ma ɗanye ne, sai tsaki yake
yana hawaye ta gindi.

Inna Tasalla ta miƙo tafukanta.
Shekara arba'in a garin nan,
ita da sanyinsa ba sa ga maciji.
"Ƙara ɗaya," ta ce.

Na jefa rabon Alhamis.
Da asuba ma tona toka,
mu ga abin da dare ya rage mana.