Gurbi Huɗu

Ranar Talata ta iso daga Dutse,
taɓon hanyar Auyo har gefen zanenta,
takardu cike da kwali.
Ta ce sunanta Malama Sakinatu,
bincike take kan zuciyar 'yan makaranta,
ko tana kwana lafiya, ko tana kwana da damuwa.

Hedimasta ya ce, "Malam Hambali, ajinka."
Yara tamanin da uku, benci goma sha ɗaya,
allon da ambaliya ta ci rabinsa,
ga shatin da ta bari a jikin bango
daidai ƙirjin yaro in yana tsayuwa.

Ta raba, ni nake karantowa:
"A makon nan, sau nawa ranka ya ɓaci?
Ko kaɗan. Jefi-jefi. Sau da yawa. Kullum.
Sa alama a gurbi ɗaya."
Suka dubi juna, suka dube ni,
suna laluben amsar da ke cin maki a jarrabawa.

Na ce, "Wannan ba ta da faɗuwa."
Ba su yarda ba.
Mardiyya ta leƙa ta Barira ta kwafe.
Zakiru ya cike duka huɗun,
wai kada wani gurbin ya ji haushi.
Aji ya tuntsire, har da baƙuwa.

Lurwanu ne bai yi dariya ba.
Yana can ƙarshe, inda kwano ke yoyo,
yaron da ya fi kowa lissafi a zangon farko.
Tun da kogi ya kwashe shinkafar ubansa
uban ya bi mota Kudu, har yau ba aike,
shi ne kiwo, shi ne itace, shi ne niƙa.
In ya zo aji sai ya kifa kai,
ni kuwa na raɗa masa Sarkin Barci,
wata uku ina kira, yara na amsawa.

Bai taɓa gurbi ko ɗaya ba.
Ya juya takardar, ya ja layi gefe zuwa gefe.
A ƙarƙashin layin ya zana rumbu da keke,
a sama mutum guda, kansa kaɗai ke fitowa.

Ta daɗe tsaye a kansa.
Ta ce, "Wane ne?" Ya ce, "Ba kowa."
Ta ce, "Ya iya iyo?" Ya ce, "Ya gaji."
Maganar ta faɗa mini kamar guga ya tsinke a rijiya.
Shekara goma sha tara ina riƙe da alli,
tun daga ƙofa nake gane wanda bai yi aikin gida ba,
amma ban taɓa tambayar mai gyangyaɗi
abin da ke hana idonsa da dare rufuwa.

Da aka tashi, tana ɗaure takardu da kyauro,
ta ce na'ura ba za ta karanta ta Lurwanu ba,
gurbi kawai take ƙirgawa.
Ta ware ta daban, ta sa cikin littafinta,
sai ta miƙo mini wata: "Malamai ma akwai tasu."
Na yi dariya, na karɓi biro.
Bashin taki ya zo ya zauna kusa da ni,
da kuɗin asibitin Inna, da rufin ɗaki.
Na duba hagu, babu wanda zan kwafa.
Na sa "Jefi-jefi."
Ta karɓa ba ta ce komai ba,
ni ma na shiga gyaran hular da ba ta bukatar gyaruwa.

Washegari na buɗe rajista.
"Lurwanu Sale."
Ya ɗago a hankali, yana jiran sauran.
Babu saura.
Na ce, "In an tashi, zan raka ka kiwo."

Muka bi bakin fadama,
shi a gaba da igiyar akuya,
ni a baya, takalma a hannu.
Ban san ta inda ake fara tambayar ba.
Ya nuna mini inda gonar take,
muka tsaya muna kallon ruwa.