Mai Rigar Auduga

Ƙarfe ɗayan dare a Aboabo.
Baba Sidiku ya ja rabin ƙofar shago, ya miƙe a benci,
ya bar mini inji na huɗu, mai maɓallin da ke maƙalewa.
Sidi biyar har asuba,
in wuta ta yi mutunci.

A cikin allo ni matsafiya ce.
Rigata auduga, sandata kamar tsinken tsire,
jan layin raina bai kai ɗan yatsa tsawo ba.
Kura ta yi atishawa kusa da ni, sai salati.

Da can mu huɗu ne.
Mutala mai garkuwa ke shan duka a gaba,
yau yana Doha yana ɗaukar bulo,
yatsunsa ba sa lanƙwasuwa in dare ya yi.
Hamdiya ta tafi Tamale karatun jinya.
Kwabena ya sayar da jaruminsa, ya sayi tayar aboboya.
Sunayensu na nan a gefen allo, sun yi toka-toka,
kamar takalman da aka manta a ƙofar masallaci.

To, ni kaɗai na koyi tafiya.
Ba na shiga kogo sai na san ta inda zan fita.
In dodanni biyar ne, ɗaya nake tsokana,
in jefe shi da ƙanƙara, in ja da baya,
in sake jifa, in sake ja,
har ya faɗi bai san launin rigata ba.
Yaran shagon suna dariya, wai wannan ba yaƙi ba ne, guje-guje ne.
Su yi ta yi.
Gudu da marar kashi ya fi tsayuwar gawa kyau.

Kwalba uku ta magani, ba na taɓa ta ƙarshe.
Ina bin gindin bango.
Na san umarnina sai ya haye teku ya dawo,
don haka nake kaucewa sara tun ba a ɗaga takobi ba.

Kowa ya leƙo kafaɗata sai ya ce,
Faruza, sake zaɓi mana, ɗauki mai sulke.
Ba su san na daɗe da sanin wannan jikin ba.
Tun ina shekara shida likita a Manhyia
ya nuna wa Mma jinina a takarda,
ya zana mata lauje.
Tun ranar nake ƙirga kofin ruwa,
nake karanta hadari kafin ya haɗu a saman Asawase,
nake barin biki da wuri,
nake sanin wace kwana ce ta fi kusa da asibiti.
An ce ba zan ga ashirin ba.
Watan jiya na cika ashirin da uku,
ba wanda ya ji ƙarar ƙarin mataki,
Mma dai ta dafa shinkafa da wake, ta sa ƙwai biyu.

Ƙarfe uku da rabi.
Dodon gada ya rage kaɗan, ni ma haka.
Sanyi ya fara lalubar gwiwata ta gaske.
Na san wannan sallamar.
Saura jifa biyu, wataƙila uku,
allon na cewa ƙarasa, ƙarasa.

Na juya matsafiyata, na ruga da ita gari,
na zaunar da ita bakin rijiya inda ba a kisa.
Na ja mayafi, na shanye ruwan gorata.
Dodon zai cika ransa kafin gobe, na sani.
Ya cika.

Baba Sidiku ya buɗe ido ɗaya.
Kin ci?
Na ce, ban mutu ba.
Ya ce, to, ja mini ƙofar in kin fita.