Mai Wankin Jesi

Ni ce mai wanke jesin yaran nan,
goma sha takwas, kore da ratsin fari,
duk Asabar a bakin famfo a Kakuri.
Sabulu nawa, ruwa na Allah.

Ban san dokar ƙwallo ba,
amma riga ba ta yi mini ƙarya.
Ta Kefas mai tsaron gida, gwiwar hannu ke fara mutuwa.
Ta Nazifi jar ƙasa har wuya,
shi faɗuwa ba ta ba shi kunya.
Lamba bakwai ta Mudassir ce,
zufa, ciyawa, da ɗigon kunun aya a ƙirji.

Wata Asabar lamba bakwai ta zo fes,
kamar ba a sa ta ba.
Ta gaba ma haka.
Na ce ko ciwo? Aka ce lafiyarsa lau,
ai shi ne ɗan gaban goshin koci,
har sabon takalmi ya saya masa,
ya ce zai kai shi gwaji Legas.
Shi kaɗai ake tsayarwa bayan magariba
a ɗakin ajiyar kaya, wai horo na musamman.

Ɗakin nan na san shi.
Taga ɗaya, an toshe ta da kwali.
Ƙofar ƙarfe, sakata ta ciki.
Me ƙwallo za ta yi da sakata ta ciki?

Na same shi zaune kan tsohon layin dogo,
takalmin a leda, ko igiyar bai kwance ba.
Yaron da in ya zura ƙwallo
ihunsa sai ya tsallake kogi,
ga shi yana tsinkar ciyawa ɗaya ɗaya.
Ban tambaye shi komai ba.
Na raba awarata biyu, na zauna.
La'asar ta yi sanyi a kanmu.
Can ya ce, "Inna Larai, in na daina zuwa,
za a ce in biya kuɗin takalmin?"

Na ce ba mai bin ka bashi.
Na ce laifinka bai kai ƙwayar gero ba,
babu shi ma sam.
Abin da ya faɗa bayan nan nasa ne,
ba zan shanya shi a igiyar kowa ba.

Shugaban kulob ya ce in rufa asiri,
gasa saura mako biyu, kada suna ya ɓaci.
Na ce Alhaji, wannan sana'ata ce:
tabon da aka ninke aka jefa akwati
shi ke cin riga har ta ruɓe.
Da safe ni da uwarsa muka hau a-daidaita,
ta riƙe hannunsa, na riƙe ledar,
har gaban teburin 'yan sanda.

Bitrus mai walda ya cire ƙofar,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Sabon koci, sai da aka bi sawunsa
har ƙungiya uku da ya baro a baya.
Yanzu akwai benci a gindin dalbejiya,
yau uwar Kefas da saƙarta,
gobe baban Nazifi da rediyonsa.
Babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro.
Motar Zariya ba ta tashi sai da uwa a ciki.
Wanda kansa ya bugu ya fito ya huta,
ko da shi ne mai cin ƙwallon.
Mun sha kashi a gasar, uku da nema.
To, sai me?

Lamba bakwai ta yi wata huɗu a ƙasan jaka.
Ba wanda ya ce ya dawo, ba wanda ya ba wani.
Jiya ta zo mini,
laka gaba da baya, hannu ɗaya a yage.
Ta cinye mini rabin sabulu.

Tun da nake wanki
ban taɓa murnar dauɗa irin ta jiya ba.