Sintiri

Da Haladu ya dawo daga Baga,
ƙafa biyu, hannu biyu,
mutanen garinmu suka ce Allah ya yi mana gyaɗar dogo.
Ni da nake masa shimfiɗa
na san ba duka ya dawo ba.

Ba ya juya wa ƙofa baya.
In murfin tukunya ya faɗi, shi ma ya faɗi.
Ranar da shinkafa ta fid da kai,
yara suka cika fadama da gwangwanaye suna korar jan-baki,
ƙarƙashin rumbu na same shi
yana kiran mutanen da ban sani ba:
Okon, Terna, Ɗan'azumi, ku kwanta, ku kwanta.

An sha rubutu. An yi hayaƙi.
Mun hau mota tun daga Auyo har Kazaure,
likita ya ba da ƙwayoyi ƙanana kamar dawa.
Sun rage wutar, garwashin yana nan.
Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce, tana ninke kati,
a wasu ƙasashen karnuka ake horarwa don irinsa.
Haladu ya yi dariya,
ta farko da na ji tun bara.

Sarkin Baka Mati bai yi dariya ba.
Ya ce hancin da ke jin gafiya a cikin rami
ba zai kasa jin tsoro a jikin mutum ba.
Wata uku yana zuwa bayan la'asar
da wata karya ja mai yagaggen kunne
da guntun ƙuliƙuli a aljihu.
In hannun Haladu ya soma rawa, ta ɗora haɓa a gwiwarsa.
In numfashi ya sarƙe, ta jingina da nauyinta duka.
Shi ya raɗa mata Sintiri.

Inna ta ɗauke ƙafa daga gidanmu,
ta ce mun kori mala'iku.
Ni ma, ba zan ɓoye ba,
sau bakwai na wanke kwanon da ta lasa, ina tsaki a kowane.
Liman Tanimu ya zo, ya tsaya a zaure,
ya ce an yarda da na farauta, da na gona, da na gadin dabbobi,
wannan me take gadi?
Ban san lokacin da na amsa daga bayan zana ba:
Barcinsa, Malam.
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
Ya ce a yi mata wuri a bakin ƙofa, daga waje.

Can take kwana.
Tsakar dare, kafin ihun ya iso maƙogwaronsa,
sai in ji farcenta a jikin ƙyaure.
Ya tashi, ya buɗe, ya zauna a dokin ƙofa,
hannunsa a wuyanta,
yana ƙirga numfashi har Baga ta koma Baga,
gidanmu ya dawo gidanmu,
akuya ta yi tari a turke.

Bai warke ba. Kada wani ya ce na ce.
Har yanzu akwai kwanakin da ba ya magana.
Amma ran kasuwar da ta wuce
salansar babur ta fashe kusa da masu albasa.
Na ga kafaɗarsa ta ɗaga,
na ga ja ta manne da ƙwaurinsa,
na ƙirga ɗaya, biyu, har tara,
sai na ji muryarsa, tana ɗan rawa:
Ɗari bakwai? Haba dai. Sallama a biyar.

Da daddare na kankare ƙanzon tuwo,
na zuba masa romon kifi.
Ban kira ta da suna ba tukuna.
Na dai ajiye, na tsaya sai da ta cinye.