Kofi Biyu a Domayo

A Domayo, gindin dalbejiyar Baba Sali,
inda butar shayi ba ta hucewa tun asuba,
musu ya fi sukari yawa.
Hamajoda direba ya dafa gemu ya rantse:
shayin ruwan rijiya daban yake da na famfo,
ko a rufe masa ido, harshensa ba zai ɓata hanya ba.
Duk bencin ya gyaɗa kai.

Ni kuwa ina shekara ta biyu a Jami'ar Marwa,
malamarmu ta soka mana ƙaya a zuci:
"Abin da kowa ya yarda da shi, wa ya auna?
Ka ba zatonka filin da zai iya faɗuwa."

Sai na zo da kofi biyu, uwa ɗaya uba ɗaya,
ganye ɗaya, wuta ɗaya, sukari cokali bibbiyu,
ruwan kaɗai na bambanta.
Na rubuta hasashena kafin kowa ya kurɓa,
don kada gobe alƙalami ya yi mini kara.

Ranar farko, sha takwas cikin ashirin suka canka.
Saura kaɗan in taka rawa.
Baba Sali bai bar fifita garwashi ba, ya ce:
"Yaro, fuskarka suke sha, ba shayi ba.
In ka miƙa na rijiya, girarka tashi take."

Na koma gida da kunya a aljihu.

Washegari na ɗauko ƙanwata Jaratu,
na zaunar da ita bayan zana.
Ta jefa sulalla, ta zuba, ta yi alama a gindin kofi.
Mai miƙawa bai sani ba, mai sha bai sani ba,
makaho na jan makaho, da gangan.

Kwana huɗu, baki arba'in.
Ashirin da ɗaya sun dace, sha tara sun kauce.
Sulallan Jaratu ma, da yana da harshe,
abin da zai yi ke nan.

An ce gani ya kori ji.
To, wa zai kori gani, in ba ƙirga ba?

Saura tambaya ɗaya tana cizona.
Na cika kofin biyu daga buta guda,
na nuna ɗaya na ce, "Wannan na rijiya ne."
Talatin da uku suka lumshe ido:
"Ka ji bambanci! Har ƙamshin ƙasa."
Ashe kunne kan riga baki kurɓa.

Da yamma na tara su, na kwance ƙullin,
na nemi gafarar ƙaryar da na ara.
Wasu suka yi dariya har da hawaye.
Hamajoda ya ce mura ce ta toshe shi a makon.
Ban musa ba. Na rubuta: mura.
Wataƙila yana da gaskiya; za mu sake.

Baki arba'in ba su ne duniya ba.
Wani ya gwada a Garwa, wata a Kusiri,
in sun kayar da ni, zan biya kuɗin shayin.

Har yau Baba Sali na aikawa rijiya da jarka.
Daren jiya ya miƙo mini kofi, ya ce na can ne.
Littafin lissafina na kan cinyata, a buɗe,
na kurɓa,
wallahi sai na ji ya fi daɗi.